Sai Torfi Ya Ce Rana Ta Haura

Litinin, 6 ga Janairu, biyar na yamma

Sun cinna wa katakon sallamar Kirsimeti wuta a bakin teku, ina hango shi ta tagar kicin. Bana ba waƙa, ba wanda ya yi shigar sarkin aljanu don yara. Mutum goma sha biyu na ƙirga a tsaye, kowa ya ba dutse baya.

Kwana huɗu ke nan muna gidan Jorunn, yayar mijina, tunda aka kwashe mu duk mutanen layin sama. Ɗakin ɗinkinta ta ba mu. Ni a gado, keken ɗinki a kaina, mijin nawa Torfi a kujera. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana hawa dutsen Kambur da sandar awo, ya tona ƙanƙara ya murza ta a hannu, ya sauko ya ce wa gari ku kwana a gidajenku ko ku sauka makaranta, yau ko labulen tagar da ke kallon dutsen bai yarda a ɗaga ba.

Ba zan rubuta ranar Alhamis ba, kowa ya san ta. Kwana uku muka yi a kan tabarmin makaranta, har sabuwar shekara a can ta same mu. Laraba da yamma Torfi ya ce dutse ya kwanta, a koma gida. Aka koma. Da asuba ƙanƙara ta zaftaro ta bi ta kan gidan Gulli da matarsa Valdis, gida biyu tsakaninmu da su. Valdis tana kicin tana ɗora ruwa, shi ya sa take raye. Gulli yana ɗakin baya.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Talata, 7 ga wata, da rana

Bai ci ba. Rabin kofin gahawa kawai. Jorunn ta ce in ƙyale shi, haka yake tun yana yaro in ya fasa abu. Na ce mata ba kwano ya fasa ba. Daga baya na ji kunyar bakina.

Alhamis, 9 ga wata, bayan an tashi daga aiki

Na koma kamfanin kifi. Shekara goma sha tara ni da Valdis muna tebur ɗaya, tana cire ƙaya ina yanka, bakinmu ba ya hutawa har shugaban aiki ya taɓa raba mu kamar 'yan firamare. Yau wurinta ba kowa.

Ba wadda ta gaya min baƙar magana, kuma abin da ya gajiyar da ni ke nan. "Sannu, Halla tawa." "Ya jikin Torfi?" Sai ka ce zazzaɓi yake yi. Na dawo na tarar an ajiye mana busasshen kifi da burodi a bakin ƙofa, ba suna, an kuma kwashe ƙanƙarar da ta toshe matakala. Da ma wata ta zage ni in samu wadda zan rama wa, ko na yi barci.

Asabar, 11 ga wata, huɗu na yamma

An binne Gulli. Sai da aka kawo injin kamfani kafin ƙasar ta tonu.

Torfi ya yi wanka, ya sa baƙar kwat, ya ɗaura wa wuyansa lakataye da kansa. Ya zo bakin ƙofa ya kama mariƙi, ya tsaya. Na jira shi har ƙararrawar coci ta fara. Sai ya koma ya zauna da kwat ɗin a jikinsa. Ni kaɗai na tafi.

Wajen gaisuwa Valdis ta riƙe hannuna ta ce, "Halla." Shi ke nan. Amma ta leƙa bayana, na gani. Ta leƙa sau biyu.

Litinin, 13 ga wata, shida na yamma

'Yarmu Arndis ta bugo daga Reykjavik, babban birni can kudu. 'Yar nan in ta yanke abu sai ka ce ita ta haife mu.

"Mama, ku taho kawai. Yara su matsa, ɗakinsu ya ishe ku."

"Ke, wa ya ce miki korarmu aka yi?"

"Ba a kore ku ba. Amma kanti ɗaya ne a garin nan. Baba zai iya haɗuwa da Valdis kullum a layin madara?"

Sai ga muryar Torfi daga ɗaki, magana mafi tsawo da ya yi cikin kwana goma sha ɗaya: "Ki ce mata muna zuwa. Jirgin uku ga Fabrairu."

Hanyar mota ba za ta buɗe ba sai bazara, don haka jirgin ruwan nan ne ko babu. Sati uku.

A nan aka haife ni. Uwata da ubana suna kwance bayan coci. Kudu sau huɗu na je, duk huɗun da ciwon kai na dawo. Ba na son tafiya, na rubuta a nan tunda ba inda zan faɗa. Amma in muka zauna yana haka, mutumin nan a kujerar Jorunn zai ƙare ina kallo. In bai iya fita cikin mutanen garin nan ba kafin uku ga wata, mun tafi ke nan, kuma na san ba dawowa.

Laraba, 15 ga wata, da yamma

Ƙungiyar mata ta zauna a falon Jorunn, don ita ce shugaba tun kafin talabijin ya iso garin nan. Liyafar tsakiyar hunturu ba a yi gardama a kanta ba, an ce a yi, mutane su ga juna. Gahawar rana, wadda ake sha don tarar dawowar rana, ita ce ta tsaya wa kowa a wuya.

Birna, ma'aikaciyar jinyar da aka turo mana daga kudu bara, ita ta fara. "Ni fa ban gane ba. Kalanda ta ce ashirin da takwas ga wata rana za ta leƙo ta tsagar Kambur. A soya fanke ranar mana, a sha gahawa."

Jorunn ta cire tabarau. "A kalanda rana take fitowa a garinku?"

"A'a, ina nufin..."

"Tun tsakiyar Nuwamba ba mu ga ƙwayarta ba, yarinya. Mutanen ƙetaren ruwa ne ke shan gahawarsu da kalanda kamar masu shan ƙwayar magani. A nan ba a ɗora kasko sai an ɗaga tuta a zauren taro, tuta kuma ba ta tashi sai mai duba dutse ya ce ta haura. In sama ta yi garau, kowa ya gani da idonsa. In hadari ya rufe, shi ne zai je ƙarshen matsayar jirgi ya karanci hasken, ya dawo ya faɗa mana."

Wata ta ce to ai Torfi ya aika takardar ajiye aiki, an kawo wani mai na'ura.

"Wancan mai gemun? Jiya ya tambaye ni wanne ne Kambur."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Wata ta ce fasto ya ɗaga. Wata ta ce fasto ko agogon coci ba ya iya gyarawa. Daga nan duk suka juyo suna kallona, mata goma sha huɗu. Na ce ni kofuna na fito wankewa, na kwashe su na shige kicin.

Juma'a, 17 ga wata, da safe

Ƙanƙara dai. Bai ci ba.

Lahadi, 19 ga wata, uku na rana

An ba mutanen layin sama awa ɗaya su je su kwaso kaya. Ni kaɗai na hau. Gidanmu yana nan lafiya lau, ko gilashi bai fashe ba, abin har ya ba ni haushi. Na ɗauko bargo biyu, hotuna, da kaskon fanken uwata.

Ina fitowa na ga Valdis tsaye a rabin gidanta da ya rage, tana riƙe da butar shayi. A ɗakin saman kanti take kwana yanzu. Ba hanyar kaucewa, layin ɗaya ne.

"Ina Torfi?" in ji ta.

"Yana nan."

"Yana cin abinci?"

"Kaɗan."

Ta juya butar a hannunta. "Gulli ma bai samu cin na safen ba."

Can ta ce, "An ce za ku tafi."

"Haka aka ce."

"Kafin rana ko bayan rana?"

"Bayan."

"To," in ji ta, ta koma cikin kangon. Na rungumi kayana na sauko.

Laraba, 22 ga wata, bakwai na yamma

Mun yi faɗa, in faɗa ake kiran abin da mutum ɗaya ke ɗaga murya. Ina ɗaure akwati na tambaye shi wace rigar sanyi zai sa a jirgi, ya ce ko wacce. Na ce ko wacce, ko yaushe, ko oho, ni da mutum na yi aure ba da kujera ba. Na faɗi wasu ma da ba su kai a rubuta ba.

Ya ɗago ya ce, "Wuri uku na tona, Halla."

"Wa ya ce ba ka tona ba?"

"Na ukun..." Ya tsaya a nan. Na jira, bai ƙarasa ba, ni kuma ban tambaya ba. Akwai dalilin da ya sa ban tambaya ba.

Jorunn ta ƙara ƙarar rediyo a falo, Allah ya saka mata.

Juma'a, 24 ga wata, ranar maigida, da rana

A garin nan mutum uku ne suka rage masu yin al'adar da: maigida ya fito da sassafe, ƙafa ɗaya a cikin wando ɗaya a waje, ya zagaye gidansa yana tsalle a ƙafa guda don ya tari tsakiyar hunturu. Torfi, Gulli, da tsoho Eyvindur. Ni da Valdis mukan tsaya a ƙofa muna ba su maki.

Yau Eyvindur kaɗai ya fito, shekara tamanin da ɗaya, gwiwa kamar ta zakara. Bai zagaye nasa gidan ba, na Jorunn ya zo ya zagaya, yana haki. Ya tsaya a tagarmu ya buga gilashi.

"Torfi nawa! Fito ka nuna wa mata gwiwa, ni tawa ta daina jan kasuwa!"

Jorunn ta buɗe ƙofa ta ce, "Eyvindur, ka rufe abin nan kafin Birna ta yanke shi."

Na kalli Torfi, wallahi gefen bakinsa ya motsa. Sai kuma ya sa hannu ya rufe fuska. Eyvindur ya ɗan tsaya a sanyin, ya sa ɗayar ƙafar a wando, ya tafi ba surutu.

Na dafa wa Torfi naman rago mai hayaƙi kamar kowace shekara. Loma uku ya yi.

Lahadi, 26 ga wata, goma na safe

Jiya aka yi liyafar. Na je don Jorunn ta ce in ban je ba za a ce muna fushi da gari. Zaure ya cika, kan rago da kifin nan mai wari sun ishi kowa, an yi waƙa har wasu suka yi hawaye a cikin kofunansu.

Sai wasan zolaya. Kowace shekara ba wanda ake bari: fasto da agogonsa, mai kanti da ma'auninsa, Jorunn da tabaraunta. Torfi kuwa shi ne naman wasan, sai wani ya ɗaure tsintsiya a baya ya riƙa soka wa mutane sanda a ciki yana cewa "wannan ya kwanta, wannan bai kwanta ba." Bana sun bi kowa gida gida, da suka iso kanmu suka tsallake kamar ba a taɓa yin mu a garin ba. Don tausayi suka yi, na sani. Ni kuwa ji na yi an riga an sa mu a jirgi. Ban jira rawa ba na dawo.

Da safen nan Jorunn ta shigo ɗakinmu ba sallama, ta tsaya a kan ƙanenta.

"Valdis ta aiko. Ta ce ranar Talata za ta zo zaure, kasko na farko nata ne kamar kullum. Amma ba za ta ƙyasta ashana ba sai kai ka zo ka faɗa. Ba fasto ba, ba mai gemu ba, ba kalanda ba. Kai."

Torfi ya ci gaba da kallon labule.

"Ka ji ni, ko sai na rubuta maka?"

"Na ji."

Tun ɗazu nake juya maganar. Hannu take miƙo masa, ko so take ta tsayar da shi a gaban gari ta kalle shi? Shekara goma sha tara na san Valdis, amma wannan ban iya karanta ta ba.

Talata, 28 ga wata, huɗu na yamma

Hadari tun safe, ko ƙafar Kambur ba a gani.

Mun kwaɓa ƙullu bokiti shida, ƙwai ɗari da ashirin. An shimfiɗa fararen mayafai a tebura, an sallami 'yan makaranta, kamfani ya tashi ma'aikata tun sha biyu. Kasko goma sha huɗu a jere kan murhu, ba wuta. Valdis ta zauna kusa da nata ta harɗe hannu.

Ɗaya da rabi ta yi, lokacin da rana take leƙowa ke nan. Duk wanda ya motsa ƙofa sai kowa ya waiga. Biyu ta yi. Biyu da rabi Valdis ta tashi, ta sa rigar sanyinta, ta fita. Muka kwashe bokitan muka kai shirayin baya inda sanyi zai riƙe su.

Na dawo na samu Torfi ya sa takalmi ƙafa ɗaya.

Laraba, 29 ga wata, uku na rana

Haka dai. Hadari, zaure, jira, Valdis ta tashi ta fita. Mutane sun ragu da kusan rabi.

An ji ƙamshin fanke daga gidan Birna. Jorunn ta ce za ta cire ta daga ƙungiya, aka tuna mata ba ta ma shiga ba tukuna.

Alhamis, 30 ga wata, bayan aiki

Ƙullu ya yi tsami, mun zubar a teku, tsuntsaye sun sha biki. Garin nan da ba a samun ƙwai sai jirgi ya zo.

Na samu zagin da nake nema. Wata a teburin bayana ta ce, ba ta ma rage murya ba, "Mijin wasu ya raba mu da gidajenmu, yanzu kuma ya hana mu rana." Na juya da wuƙa a hannu na wanke ta tas, har kakanta da ya sayar da ragon maƙwabci sai da na tono. Aka riƙe ni. Na zaci zan ji sanyi a raina, ban ji ba. Gaskiya ta faɗa, yara suna ta tambaya yaushe za a ci fanke.

Da yamma an bi gida gida an tara ƙwai, wannan uku, wancan biyar. Har wadda na zaga ta kawo shida.

Juma'a, 31 ga wata, shida na yamma

Akwati huɗu a bakin ƙofa. Saura kwana uku.

Na durƙusa gaban kujerarsa, na yi murya mai taushi. Na ce, "Torfi nawa, kwana uku ke nan da ranar ta wuce tsagar, ko ɗan yaye ya san ta haura. Ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Ka je ka faɗa, su ci fankensu, mu shiga jirgi da mutuncinmu. Mutane sun gaji. Ka ce kawai."

Ya kalle ni, kallon da rabon da ya yi min tun bara.

"Haka kika ce waccan Larabar."

To. Ga shi nan, tunda ya fito. A barandar makaranta ne, ya sauko daga dutse ƙanƙara duk gemunsa, ya ja ni gefe ya ce rami biyu sun yi kyau, na ukun bai kwanta masa a rai ba. Ni kuma bayana yana ciwo, kwana uku a tabarma, naman sabuwar shekara yana can gida yana lalacewa, jariran mutane suna kuka. Na ce masa biyu ai sun fi ɗaya. Na ce mutane sun gaji, ka ce kawai.

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yau ma ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ɗora hannu a kaina, ni ce na ture shi na fita shirayi na tsaya har yatsuna suka daina ji.

Asabar, 1 ga Fabrairu, biyar na yamma

Bari in rubuta a jere kafin ya ruɗe min.

Ƙarfe ɗaya ina zaure da sauran mata, an kwaɓa sabon ƙullu bokiti uku, iyakar abin da ƙwan ya kai. Hadari ya fi na kullum kauri. Sai Eyvindur da ke bakin taga ya ce, "Kai, ku zo ku ga wani baƙo."

Torfi ne, yana bin hanyar bakin teku, ba sanda, ba hula. Ya je ƙarshen matsayar jirgi ya tsaya yana fuskantar Kambur. Kafin minti goma labari ya zaga, zaure ya cika har matakala. Minti ashirin ya yi a can, na duba agogo. Ni da na san shi na san ba abin da yake gani sai toka.

Ya shigo, aka dare masa hanya. Ya rame, kwat ɗin tana lilo a jikinsa. Bai kalli kowa ba har ya iso gaban murhu.

Valdis ba ta tashi ba. Ta ce, "To, Torfi. Ta haura?"

Jorunn ta riga ta kama igiyar tuta ta taga. Ni har na fara sauke numfashi.

Ya ce, "Ban sani ba."

Wani ya yi tari a baya. Jorunn ta ce, "Torfi!" kamar za ta mare shi.

"Kalanda ta ce ta haura. Lissafina ma haka ya ce. Amma na duba, ban ga komai ba, Valdis. Ban sani ba." Ya ɗago ya kalle ta. "Waccan Larabar ma ban sani ba. Rami ɗaya bai yi min ba. Na sauko na ce na sani."

Bai ambaci sunana ba. Na jira, bai ambata ba.

Valdis ta ƙare masa kallo. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ashana.

"Wata guda," in ji ta, "kowa ya zo sai ya ce min ba wanda zai iya sani, Valdis, dutse ne, ƙaddara ce. Har fasto. Kamar ni yarinya ce. Wata guda nake jiran mutum ɗaya ya gaya min yadda aka yi."

Ta kunna, ta shafa man shanu, ta zuba. Na farkon ya yage wajen juyawa. Ta kwashe shi haka nan a faranti, ta barbaɗa sukari, ta dangwarar a teburin da ke kusa.

"Zauna ka ci. Ban ce na yafe ba. Ka ci dai, ka zama kamar ƙugiyar rataye kaya."

Jorunn ta ce, "Tuta fa?"

"Bar ta. Ai bai ce ta haura ba."

Haka muka sha gahawar rana ba rana ba tuta, abin da Eyvindur ya ce tun da aka haife shi bai taɓa gani ba, ya kuma ci bakwai. Kasko goma sha huɗu suka kama aiki, hayaƙi ya cika zaure, yara suna layi. Torfi ya cinye yagaggen, aka ƙara masa biyu ya cinye. Mai kanti ya zo ya zauna kusa da shi, ya tura masa sukari. Ni ina kasko na biyu, gwiwar hannuna tana gogar ta Valdis, na soya ya fi sittin ban ɗanɗana ko ɗaya ba.

Litinin, 3 ga wata, sha ɗaya na safe

Jirgi ya yi ƙaho sau biyu ya tafi. Akwatunan suna nan a bakin ƙofa, Jorunn ta yi tuntuɓe da su ta zage mu duka. Torfi ya ce ba wannan jirgin ba. Bai ce ba za mu tafi ba sam, ni kuma ban matsa ba. Ya ari shebur ya tafi taya mai kanti buɗe hanyar sito. Arndis ta kashe min waya a kunne.

Ya kamata in ji daɗi. Gobe Valdis za ta dawo aiki.

Talata, 4 ga wata, bayan aiki

Tun bakwai muke tsaye, tana cire ƙaya ina yanka, ba mai magana. Sai wajen goma, da injin ya yi ƙara yadda ba mai jin mu, na ce, "Valdis, ba shi kaɗai ba ne. Ya gaya min na ukun bai yi masa ba. Ni na ce ya faɗa kawai."

Ba ta ɗago ba. Ta zare ƙaya, ta turo min kifin.

"Na sani. Ina bayan ƙofar barandar, na ji ku."

Wuƙar ta tsaya a hannuna.

"Na ji duk abin da ya ce miki," in ji ta. "Na koma ciki na naɗe tabarmarmu tun kafin ya shigo ya yi sanarwa. Gulli ya ce mu ƙara kwana ɗaya, me ake ci na sauri. Na ce masa ya tashi, ni na gaji."

Kifi ya taru a gabanmu har ya fara zubowa ƙasa. Shugaban aiki ya taho zai yi magana, ya kalle mu, ya juya.

Ta goge fuska da bayan hannu ta ce, "Yanka mana, Halla, kin tsayar da layi."

Na yanka.